Lambun Bayan Coci

Lahadi, 13 ga Afrilu, Galtimari

Yau kwamitin coci ya zauna a kan lambuna. Dattawa bakwai a kan kujeru, ni a tsaye kamar wadda ta saci akuya. Suna so a zuba siminti a bayan coci don motoci su sami wurin tsayawa. Motoci huɗu ne a ikilisiyar nan, uku na 'yan kwamiti ne.

Shekara biyu ina jigilar ruwa da jarka zuwa wurin nan, tun yana juji. Yanzu ga yakuwa, ga kuɓewa, matan da suka rasa mazajensu suna tsinka ba tare da sun roƙi kowa ba.

Baba Bitrus, shugaban kwamiti, ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, da digirinki kike tonon ƙasa? Nan gidan Ubangiji ne, ba gona ba."

Na ce, "Baba, a lambu Allah ya fara ajiye mutum. Ranar tashin Ubangiji ma, Maryamu ta gan shi ta zaci mai lambu ne. Ban ji an ce ta zaci mai gadin motoci ba."

Fasto ya ƙirƙiro tari. Ban gaya wa Baba cewa yakuwar da matarsa ke yi masa miya da ita daga nan take ba. Ya ci lafiya.

Sun ce za su yi addu'a a kai, wato tifar yashi tana hanya. To, ta zo. Na jiƙa irin kuɓewa a kofi, gobe da sassafe zan shuka. Mai son siminti ya zo ya tumɓuke da hannunsa, a gaban matan nan.