Ni Na Tsofar da Kalmarka

Ya sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara ashirin da uku, ruwan randa a tsakar rana, Baban yara,

Kwana tara ke nan kana gidan Yaya. Tabaranka na kan littafin da ka bari a buɗe, ni kuwa ina ta faɗa da tukwane kamar su suka yi laifin. Ba su ba ne. Ba na'ura ba ce. Ni ce.

Ka san dokar da na shimfiɗa wa na'urorin Yuniks na ofishinmu: kalmar sirri in ta kwana casa'in ta mutu, uwar na'urorin kuma ta riƙe goma sha biyun baya, ba a komawa ko ɗaya. Abin da ba ka sani ba, tun da ciwon nan ya taɓa maka ƙwaƙwalwa na zare sunanka daga dokar a ɓoye, don kada kalmar da yatsunka suka haddace ta tsufa. Shekara biyu ina kwance kan sirrin nan kamar kaza kan ƙwai!

Sai ranar da ka ce a gaban ƙanwarka wai doka aka aura maka, ba mace ba. Har da riƙe ciki ta yi dariya. Washegari na buga wa uwar na'urorin umarni layi ɗaya, na mayar da kai cikin garke, na ce ɗanɗana dokar. Ko shayi bai isa tafasa ba na gama.

Ta gilashin ofishina na gan ka, da takardun awon ruwan sama a hammata. Na'ura ta nemi sabuwar kalma, ka ba ta tsohuwar, ta ƙi. Ka bi tebur tebur kana zaton wata za ta tausaya maka, alhali su arba'in ɗin uwa ɗaya suke tambaya. Na gani, wallahi na gani, girman kai ya ɗaure ni a kujera.

Dole ka ƙirƙiri sabuwa, dole ka rubuta ta ka manna ƙarƙashin madannan na'urarka. Mai binciken tsaron na'urorin ofis kuwa, mai hancin ɓeran rumbu, ya zaƙulo ta, ya karanta a taro don ya kunyata ka: Aradu, da shekarar aurenmu. Aradu! Sunan da kai kaɗai ke kira na da shi, tun ranar da ruwa ya tsare mu a barandar laburare na daka maka tsawa don ka naɗe kunnen shafi. Kalmomi a dagule na'ura ke ajiye su, ni kaina ba na iya karanta su. Sai a bakin wannan mutumin zan ji abin da ka zaɓa, a makon da nake cutar ka?

Yanzu an ce wai ka ajiye aiki kafin Litinin, ƙwaƙwalwarka ta gaza. Kada ka kuskura! Ina jin haushinka ma, ka sani: don me ka sunkuyar da kai kamar dawa ta nuna, ka ɗauki laifin da ba naka ba? Na riga na kai wa shugaba bayanan na'ura, ranar da na zare ka da ranar da na mayar da kai. Laifi biyu, duka da sunana. In kujera za ta tafi, tawa ce.

Ka dawo ka yi mini faɗa, hasken gidana. Ban roƙi ka manta ba, abin da ciwo ya ƙwace maka ya isa. Ka tuna, sannan ka yafe.

Taka har numfashi ya ƙare, ba kwana casa'in ba,
Aradu