Injin Hagu Na Bari A Kunne

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana don Allah, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe.

Ni matuƙin jirgin sama ne, ɗan Gafasa. Ƙaramin jirgin haya nake tuƙawa, mai farfela biyu, irin wanda manya ke ɗauka idan ba sa son bin layi. A aikinmu idan mun sauka mukan kashe inji ɗaya, mu gangara da ɗayan zuwa wurin tsayawa don a rage shan mai. A kamfaninmu na hagu ake kashewa, saboda ƙofa a hagu take. Kowa ya san haka, har masu shara. Akwai wani ɗan Kademi, zan kira shi Sale, ƙanin abokina, ni na samo masa aikin sa wa jirgi waigi a taya idan ya tsaya don kada ya gangara. A ƙa'ida sai matuƙi ya yi masa alama zai matso, amma shekara huɗu ina tsayawa yana shigowa ta hagu da gudunsa, ban taɓa hana shi ba, har yaba masa nake don yana sa fasinja su fita da wuri.

Ranar da abin ya faru an ba ni wurin tsayawa mai matsi, sai na yi kwana mai tsanani zuwa dama, kuma injin hagu ne ke taimaka wa irin wannan kwanar. Sai na kashe na dama na bar na hagu. An yarda kaftin ya yi haka, amma dole ya sanar da ma'aikatan ƙasa ta rediyo. Ban sanar ba. Alhajin da na ɗauko yana ta aiko da tambayar me ya sa muka daɗe, hankalina yana can. Farfela idan tana juyawa cikin rana ba a ganinta, Sale kuma kunnensa a toshe yake da abin kare ƙara. Ya shigo ta hagu da gudunsa kamar kullum, farfelar ta cire masa hannunsa na dama daga wuyan hannu.

Da aka zauna bincike aka tambaye ni, "Kaftin, ka sanar?" Na ce na sanar, na ce har da hannu na yi masa alamar ya dakata. Rediyon kamfani ba a naɗar abin da aka faɗa a cikinsa, mataimakina da ke kusa da ni a jirgin ranar kuma bai ƙaryata ni ba, bayan wata biyu ya bar ƙasar. Aka rubuta cewa ganganci ne na Sale, aka sallame shi. Shi kansa ya yarda, don bai tuna komai ba. A asibiti cewa ya yi da ni, "Yaya, ka yafe min, na jawo maka abin kunya a wurin aiki." Na ce babu komai. Wane irin mutum ne zai iya cewa babu komai a wannan wurin? Ni ne, kuma ko muryata ba ta yi rawa ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Ina ci, ina barci, ina tashi da jirgi ina sauka lafiya. Shekara biyu ke nan ina jiran kukan da zai zo, bai zo ba. Idan na je gida nakan hau babur daga Gaya in leƙa Sale, in same shi a gona yana koyon riƙe fartanya da hagu, matarsa tana ɗaure masa igiyar wando. Mutanen garinsu cewa suke garaje ne ya cinye masa hannu, yana ji yana dariya. Innata kuwa duk wanda ya shigo sai ta ba shi labarin yadda ɗanta bai yar da Sale ba. Ina zaune ina ji kamar labarin wani ake yi.

Shekaranjiya Sale ya kira ni yana murna, matarsa ta haihu, namiji. Ya ce, "Yaya, sunanka zan sa masa. Liman ya ce ka zo da kanka ka zauna kusa da shi a raɗa suna." Na ce Allah ya raya. Ya ce, "Wallahi ba ni da kamarka."

Idan na faɗi gaskiya lasisina zai iya tafiya, Inna ba za ta ƙara ɗaga kai a Gafasa ba, amma sunan Sale zai wanku, a daina ce masa mai garaje. Idan na yi shiru, yaron nan zai girma ana kiransa da sunan wanda ya cire wa ubansa hannu, ubansa kuma zai riƙa ɗaukarsa da hannu ɗaya yana sa mini albarka.

Suna ranar Laraba ne da safe. Me zan yi?