Inda Baba Ya Tsaya Ranar Sakin Ruwa

Zuwa ga ƙanena Bello,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kaduna, yaya aiki? Ina fatan Hauwa da yara suna lafiya, zazzaɓin Ummi kuma ya sauka.

Ranar kasuwa Baba ya tafi tsohuwar gonarsa da babbar hanyar ruwan dam ta ratsa, ya sauka cikin hanyar ruwan, ya ce ba mai tayar da shi daga ƙasar ubansa. Ranar kuwa za a saki ruwa.

Da goyo a baya na ruga wurin Baturen da ke kula da ƙofar ruwa. Da Turancina na sakandare na ce masa tsoho na tsaye gabas da tsamiyar Ɗan'ige. Shi bai san gabas ba, tsamiyar kuma sun tuge ta.

Ya ce, "Dama ko hagu? Gaban gada ko bayanta?"

Na ce, "Hagun wa, nawa ko naka?"

Haka Turanci yake, yana auna mutum da gada, ba ruwansa da gonar wane. Sai na faɗa motarsa ina nuni da hannu har muka iske Baba, carbi a hannunsa.

Sun fasa sakin ruwan, da ƙyar muka fito da Baba, amma ya rantse zai koma.

Bello, ka ji tsoron Allah. Albashi bai fi uba ba, kuma maganarka kaɗai yake ji. Ka taho kafin su sake buɗe ƙofar.

Ku sa mu a addu'a. Ka gaida Hauwa da Gwaggo.

Yayarka,
Rabi, Talata Mafara