Shaidar da Mama Ta Rubuta

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma zaman ritaya bai gundure ki ba. Takarda na rubuto don na san ke da waya ba kwa shiri.

Ƙungiyar nan da ke kai ma'aikatan jinya aikin sa-kai ƙasar waje na shekara guda ta ɗauke ni. Saura su faɗi inda za su tura ni, kuma jiran nan ya hana ni sakat. Ko allura nake zuƙa, da na ji waya ta yi ƙara sai in ajiye in duba. Wuraren iri biyu ne: babban asibitin koyarwa a birni, sai ƙananan asibitocin karkara. Mama, birnin nake so. Shekara tara ina karɓar haihuwa a ɗakinmu da kika sani, gado biyu, ɗaya da bulo a madadin ƙafa. Ina so ko sau ɗaya in riƙe na'urar hoton ciki da hannuna, in kuma waiwaya in ga likita idan jini ya ɓalle wa mace.

Sun nemi sunan wadda na yi aiki a ƙarƙashinta, na ba da naki. Za su aiko miki da tambayoyi. Don Allah ki yabe ni sosai.

'Yarki,
Uwar Gaggawa

*

'Yata Uwar Gaggawa,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, mun saba da juna.

Tambayoyinsu sun zo. Layi biyar suka bari a yi amsa, na ƙara musu shafi uku. Na faɗa musu ranar da rufin ɗakin haihuwa ya yi yoyo, kika karɓi tagwaye mai shara tana riƙe muku lema. Na faɗa musu yadda kika ɗaure abin awon hawan jini da robar tayar keke ya ƙara shekara biyu yana aiki. Na ce wata huɗu muka yi ba likita, mace ko ɗaya ba ta mutu a hannunki ba. Na rufe da cewa ko a kan dutse aka ajiye ki za ki buɗe asibiti.

Ki kwantar da hankalinki, ki riƙa cin abinci. Wanda ya karanta wannan bai ba ki abin da kike so ba, to ba ya gani.

Mamanki

*

Mama,

Ina gaisuwa. Sakamako ya fito, kuma sun karanta shafi ukunki tsaf.

Wani tsibiri suka tura ni. Daga inda jirgin sama zai sauke ni, yini guda a mota, sannan awa shida a jirgin ruwa. Gado uku, ba likita, wuta sai ta hasken rana. Matar da ta kira ni har murna take yi mini. Ta ce cikin mutum arba'in ba su ga wadda ta dace da wurin kamata ba, shaidarki ce ta raba gardama. Birnin kuwa an bai wa wata da shugabarta ta rubuta layi biyu, cewa tana zuwa aiki a kan lokaci kuma tana son koyo.

A wajenmu yabon ma'aikaci shi ne a ce ya iya wahala, ni da ke ba mu san wani yabon ba. Na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kukana na fito. Raina ya ɓaci da ke, Mama, ko da yake ni na roƙe ki. Na gaji da lallaɓa kayan da suka mutu. Sun ba ni mako guda in amsa ko in janye.

'Yarki

*

'Yata,

Na karanta takardarki sau uku, abinci ma ya ƙi shiga. Ni na ɗauka gaba nake tura ki.

Jiya na sa maƙwabciyata ta kira mini matar ƙungiyar da ta kira ki, ita tana ji tana maimaita mini. Na tambaye ta me ke tsibirin. Ta ce unguwarzoma ɗaya ce, shekararta huɗu ba ta je hutu ba don babu mai karɓarta, mahaifiyarta ma ta rasu ba ta samu zuwa ba. Ban faɗa miki don in ɗaure ki ba, abin da na ji ne.

Idan kina so, zan rubuta musu in ce tsufa ne ya sa na yi ƙari, ba ki kai yadda na faɗa ba. Ban taɓa ƙarya a takardar aiki ba, amma saboda ke zan yi. Ki aiko da amsa kafin Laraba.

Mamanki

*

Mama,

Kar ki rubuta musu komai. Babu ƙari ko ɗaya a abin da kika faɗa, ina wurin aka yi.

Na sa hannu yau da safe. Na ce su gaya wa unguwarzomar tsibirin ta fara haɗa jakarta, ina isowa farkon wata.

Har yanzu ina fushi da ke, amma zan zo sallama ranar Asabar. Ki yi mini addu'a, ban taɓa shiga jirgin ruwa ba.

'Yarki,
Uwar Gaggawa