Awarwaron da Inna Ta Ɓoye

Hajiya Zuliha, don Allah ki ba ni shawara, karatun littafi ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

A Kusada nake aure, gida ɗaya da uwar mijina, Inna. Tun da idonta ya yi rauni nake karanta mata littattafan soyayya daga wayata bayan la'asar, tana ɓarar gyaɗa tana yi wa marubutan gyara. Ta fi son labaran zamanin da.

Makon jiya muka iso inda aka aurar da yarinyar labarin ga wanda ba ta so, iyayenta suka tattara kayan toshin saurayinta suka mayar masa. Sai Inna ta ce in dakata. Ta buɗe adakarta ta ɗauko awarwaron azurfa ƙulle a tsumma. Ashe kafin a ba da ita ga marigayi surukina, wani makiyayi, Bubayero, shi ke neman ta. An mayar masa da komai, wannan kaɗai ta ɓoye ta ce ya ɓace. Shekara hamsin ke nan. Yanzu ta ji yana kwance ba lafiya a Fakuwa, tana so in kai masa kayansa in nemar mata gafara, kuma kada ɗanta ya ji.

Ga inda na yi wauta. A rukuninmu na masu karatu a WhatsApp ana ta musu kan littafin, wasu na cewa ƙarya ce, babu macen da ke riƙe mutum a rai har tsufa. Raina ya ɓaci, na rubuta cewa ni na san tsohuwa mai awarwaro a adaka. Ban kama suna ba. Na manta Adawiyya, ƙanwar mijina, tana ciki, kuma ta san adakar uwarta. Ta ba ni zuwa Juma'a, ko in yi mata bayani ko ta kai maganar gun yayanta.

Maigidana ba ya haɗa mahaifinsa da kowa. Fakuwa kuma ba ta zuwuwa sai na yi masa ƙarya. In ya ji daga waje aurena na cikin haɗari, in na faɗa masa na ci amanar Inna. Tsoro nake ji.

Mai Karatu, Kusada

Mai Karatu, kin yi kuskure, amma ba zan ƙara miki zafi ba. Ki goge saƙon nan, sannan ki je gun Inna yau, kafin Adawiyya, ki faɗa mata abin da bakinki ya yi. Sirrinta ne, ita ke da ikon cewa wa zai ji.

Fakuwa kuwa kada ki taka da ƙarya. Ki lallaɓa Inna ta kira 'yarta da kanta. Adawiyya ba maƙiyiyarki ba ce, zubewar mutuncin uwarta take tsoro, kuma ko ita ko wani dattijo cikin dangin Inna ya fi ki dacewa da wannan aike.

Ki kuma yi wa mijinki adalci. Zai ji ciwo in ya sani, ubansa ne. Amma Inna ba ta ci amanar kowa ba. Ta zauna da mahaifinsa har ta rufe masa ido, yanzu kayan wani take son saukewa kafin ta gamu da Ubangijinta. In maganar ta kai gare shi, a haka za a faɗa masa, kuma daga bakin uwarsa.

Ku hanzarta. Ke Juma'a kike tsoro, ni kuwa jinyar mutumin nan nake dubawa. In ya riga ku, Inna ba ta da wanda za ta mayar wa.

Allah ya rufa asiri, ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna.

Hajiya Zuliha