Odinatar Kawu ta ƙi tashi

Litinin, 7 ga Nuwamba 2022

Kayan haɗa odinata, wato kwamfuta, sun iso daga Kotonu. Kawu Alfari ya aje mini kwalayen a tsakar biro, wato ofishinsa, ya ce, "To Habsatu, ga abin da kika je Doso koyo." A gaban mutane ya faɗa. Tsohuwar odinatarsa ta mutu, kuma da ita yake buga takardun duwan, wato kwastan, na kamiyoyi, manyan motocin kaya da ke tsallako gada. Alhaji Issa na biron kusa ya ba shi shawara ya sayi haɗaɗɗiya. Kawu ya ce a'a, ɗiyar ƙanwarsa za ta haɗa masa.

Da bai faɗa ba.

Talata, 8 ga Nuwamba

Na haɗa. Na yi bisimilla na danna maɓallin kunnawa. Fanka ta juya kamar sau biyu ta tsaya. Ekaran, gilashin da rubutu ke fitowa, baƙi ƙirin. Na sake dannawa, haka dai.

Kawu ya leƙo, na ce masa saura kaɗan. A makaranta mu huɗu ne kan inji ɗaya, malam na tsaye a bayanmu. Ban taɓa haɗa sabuwa ni kaɗai ba.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Na canza wayar kuran, wato ta lantarki. Na cire baret ɗin memuwar, ƴan sandunan da ke riƙe bayanai, na mayar har suka yi ƙas. Na bi kowace waya da yatsa. Shiru.

Ina ta sunsunar akwatin injin ko zan ji ƙauri. Wani lokaci sai in ji kamar akwai. In na ƙona kart mer, wato babban allon da komai ke kansa, babu irinsa a nan Gaya.

Direbobi uku sun yini a bakin ƙofa, ɗaya albasa ce a motarsa. Kawu ya kwashi takardunsu ya kai wurin Alhaji Issa roƙon a buga masa. Kawu, da bai taɓa roƙon Issa ko allura ba. Da ya dawo ruwa kawai ya sha. Gara ya yi faɗa.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Ban iya cin abinci ba. Inna ta kira daga Tanda, na ƙi ɗauka.

Juma'a, 11 ga Nuwamba

Na kira Malam Nasiru, wanda ya koyar da mu. Ya ce, "Fitar da komai daga akwatin. Ɗora allon a kan kwalinsa, ki tada shi a waje." Na ce in ya ƙi fa? Ya ce, "Sai ki san ya mutu, ki gaya wa kawunki."

Na kasa. Muddin yana cikin akwati ban sani ba tukuna ko ya mutu.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Da hantsi Kawu ya jawo kujera ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ɗiyata, in ta lalace ki faɗa mini. Ƙarfe ne." Ban iya duban fuskarsa ba. Na ce ya ba ni zuwa azahar. Bai tashi daga kujerar ba.

A gabansa na kwance komai. Turnabis ɗin da nake kwance noti da shi ya suɓuce mini, shi ya ɗauko mini daga ƙarƙashin tebur. Na ɗora allon kan kwali, na haɗa, na tada.

Fanka ta juya. Ta ci gaba da juyawa. Rubutu ya fito a ekaran.

Na leƙa cikin akwatin da babu komai, sai na gani: wata ƴar ƙafar tagulla da na ɗaura inda allon ba shi da rami. Ita ke taɓa bayansa, injin yana kashe kansa don kar ya ƙone. Na cire ta na mayar da komai, injin ya tashi. Kawu ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ce?" Sai ya sa ta aljihu ya tafi alwala.

Na shiga bayan gida na yi kuka.

Talata, 15 ga Nuwamba

Har yanzu kowace safiya sai gabana ya faɗi kafin in danna.

Yau Alhaji Issa ya shigo da kansa, wai tasa tana mutuwa ana tsakiyar aiki, ko zan duba. Na so in ce ban iya ba. Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana tambayarsa ko tana yin zafi kafin ta mutu.

Gobe zai kawo ta. Ban kira Malam ba.