Jikata Ba Ta Da Aljanu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na haura tamanin amma abin nan ya fi ƙarfina.

A shekarun 1950 da nake makaranta, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni duk gonaki ne, guguwar da muka sani ita ce mai kwasar kara da tsumma, a yi a'uziyya ta wuce. Sai aka kawo mana malamin labarin ƙasa, baƙin mutum daga tsibiran Karibiyan. Shi ya fara gaya mana akwai guguwar teku mai ɗora jirgin ruwa a kan rufin gida, muka ɗauka tatsuniya ce. Ranar da hadarin farkon damina ya taso muna aji, bawan Allah ya shige ƙarƙashin tebur yana karkarwa, yana kiran sunan 'yarsa. Iyaye suka ce aljanu ne, aka janye yara, haka ya tafi. Sai da aikin jirgin ruwa ya kai ni ƙasashensu, na iya yarensu, na ga garin da guguwa ta share, sannan na gane ciwonsa.

To yanzu abin ya zo gidana. Ɗana yana aiki a Amurka, bakin teku, guguwa ta rushe gidansu, matarsa ta rasu jikata tana kallo. Ya kawo min ita Tarauni, na sa ta makaranta a Gyaɗi-Gyaɗi. Malamarsu ta jogurafi, ba da mugun nufi ba, ta kunna musu bidiyon guguwa, ta ce jikata ta tashi ta ba 'yan aji labari tunda ganau ce. Yarinya ta sume. Yanzu yara Guguwa suke kiranta, ta daina zuwa.

Hajiya matata ta dage sai an kai yarinyar ruƙiyya an turara ta, wai boko da yawon duniya sun cinye min imani. Ban ƙi addu'a ba, kullum ina tofa mata, amma na ce a ga likitan ƙwaƙwalwa. Ta ce so nake unguwa ta ce jikarmu ta haukace. Uban kuwa cewa ya yi, "Baba, duk abin da kuka yanke," ya kashe waya yana kuka.

Ga damina ta ƙarato. In canja mata makaranta? In kai ta asibiti a ɓoye in ɓata da matar da muka tsufa tare? Yaya zan yi? Yarinyar da take min waƙa a waya, yanzu ko fanka aka kunna sai ta toshe kunne, kuma ba ta ƙara yin waƙa ba.